Ɗumin Ɗaki da Iskar Waje: Abin da Ke Cikin Kalmar "Cosy"

A watan Nuwamba na shekarar 1785, wani manomi ɗan shekara 26 yana huɗa a gonar Mossgiel da ke yankin Ayrshire na ƙasar Sikotilan, sai bakin garmarsa ya tone sheƙar wani ɓeran gona. Ɓeran ya fito a firgice ya arce. Manomin nan shi ne Robert Burns, wanda har gobe mutanen ƙasar ke ɗaukarsa a matsayin sarkin mawaƙansu, kuma abin da ya gani ya taɓa masa zuciya har ya zauna ya rubuta waƙa yana ba ɓeran haƙuri. A ciki yake ce masa: ka ga an girbe gonaki sun zama fili fetal, ka ga hunturu na tafe, ka sha wahala ka tara ganye da karmami. Sai ya kawo baitin da ya sa na ɗauko wannan labari: "An' cozie here, beneath the blast, thou thought to dwell." Wato ka yi zaton a nan za ka lafe cikin ɗumi, iska tana kaɗawa ta samanka ba ta taɓa ka ba. Kwatsam garma ta ratsa ɗakin.

Kalmar da ta dame ni ita ce wannan ta "cozie", wadda a yau Turawan Birtaniya ke rubutawa "cosy", Amurkawa kuma "cozy", dukansu suna furta ta kamar "kozi". Ƙaramar kalma ce da ake koya wa yara tun suna firamare, amma duk wanda ya taɓa zama zai mayar da ita Hausa ya san tana da taurin kai. Ka ce "mai ɗumi", ka bar rabinta a baya. Ka ce "mai daɗin zama", ka yi faɗi da yawa. Na daɗe ina juya ta, kuma inda na tsaya shi ne baitin Burns ya riga ya ƙunshi sirrinta: ba ta da rai sai da iskar da ke kaɗawa a waje.

Ƙamusoshin Ingilishi sun nuna an fara ganin kalmar a rubuce a shekarar 1709, da siffar "colsie", a harshen mutanen Sikotilan, kafin ta gangaro kudu ta shiga bakin mutanen Ingila. Masana asalin kalmomi ba su yanke hukunci ɗaya a kan tushenta ba, sai dai yawancinsu suna nuni da arewa, wajen ƙasar Nowe, inda ake cewa "kose seg" idan mutum ya sake yana jin daɗinsa, ake kuma kiran wuri mai irin wannan yanayi "koselig". Hasashen yana da madafa. Mutanen Nowe sun yi ɗaruruwan shekaru suna zirga-zirga da zama a arewacin Sikotilan, kuma tsibiran Orkney da Shetland suna ƙarƙashin sarautarsu har zuwa 1468 da 1469, lokacin da aka jinginar da su ga sarkin Sikotilan a madadin kuɗin auren wata gimbiya. Inda mutane suka cakuɗu haka, kalmomi ma sai sun cakuɗu.

Ko daga ina ta fito, ƙasar da ta raine ta ta isa ta bayyana halinta. A birnin Edinbara, a ƙarshen Disamba, rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe tara saura, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. Awa bakwai ke nan na haske, shi ma sau da yawa cikin gajimare da yayyafi. A Kano ranar da ta fi kowace gajarta a shekara ta haura awa 11. A garin Tromso na arewacin Nowe kuwa, rana kan yi kusan wata biyu ba ta leƙo ba sam. Mutumin da ya tashi a irin wannan wuri, abin da jikinsa ke kira sauƙi shi ne ya rufo ƙofa, ya cire jiƙaƙƙen takalmi, ya matso kusa da wuta. Dole harshensa ya samar wa wannan lokaci suna.

Ingilishi yana da wasu kalmomi a unguwar, kuma sai an jera su ake gane inda "cosy" ta bambanta. Akwai "comfortable", wadda tushenta Latin ne ta hanyar Faransanci, asalin ma'anarta ƙarfafa mutum. Ita tana nufin babu abin da ke takura maka: kujera mai laushi, mota mai faɗi, albashin da ke isa. Akwai "snug", wadda ta fara a bakin matuƙan jirgin ruwa a ƙarshen ƙarni na 16, suna nufin jirgin da aka ɗaure komai nasa tamau aka shirya wa guguwa, daga nan ta koma nufin abin da ya zauna wa mutum daram, kamar rigar da ta kama jiki daidai. "Cosy" ta ɗebi wani abu daga kowace, ta ƙara nata. Katafaren falon otal mai na'urar sanyaya ɗaki da fitilu tar kamar rana zai iya zama "comfortable", amma babu Baturen da zai kira shi "cosy". Fadar sarki ma haka. Kalmar tana son wuri ɗan ƙarami, wanda idan ka miƙa hannu ka kusa taɓa bango, tana son haske mai laushi irin na fitila ko garwashi, tana son tsofaffin kaya da jiki ya saba da su. Sama da duka tana son a ce akwai abin da aka guje wa. In babu ruwa ko sanyi ko duhu a bayan taga, ɗakin ɗaki ne kawai.

A nan ne Bahaushe ke cin karo da ita, domin mu harshenmu rana ce ta gasa shi. Duba yadda muke magana. Idan aka faranta wa mutum sai ya ce ransa ya yi sanyi. Uwa tana kiran ɗanta sanyin idaniyarta. Mai haƙuri da taushin magana muna cewa yana da sanyin hali, yabo ne, alhali idan Bature ya kira mutum mai sanyi to ya zage shi da rashin tausayi. Wanda ya samu mai kula da shi yana ƙarƙashin inuwa, wanda kuma alherinsa ke tsallake na kusa ya tafi nesa muna kiransa inuwar giginya. Wahala kuwa duk zafi ce: zafin nema, zafin talauci, zafin rai, zafin rabuwa. Baƙo ya iso, abu na farko ruwan sanyi a randa. Shi kuma mutumin Sikotilan baƙonsa na shigowa zai ja shi gaban murhu ya ɗora ruwan shayi. Ba cewa sanyi kullum alheri ne a Hausa ba, tunda akwai sanyin jiki, akwai kuma wanda gwiwarsa ta yi sanyi. Amma dai idan ana maganar hutun rai, mu inuwa muke nema, su wuta suke nema.

Duk da haka mun san abin da suke nufi, jikinmu ya sani ko da bakinmu bai tara shi a kalma ɗaya ba. Ina tuna ɗakin kakata a lokacin hunturu, ɗakin ƙasa mai ƙaramar ƙofa da asabari. Bayan sallar isha'i iska ta taso, buji ya rufe taurari, leɓɓanmu duk sun tsage duk da man kaɗanyar da aka shafa mana. Sai ta sa a kwaso garwashi daga murhu a zuba a kasko, a ajiye tsakiyar ɗaki, ta tura dankali biyu ko uku cikin tokar gefe. Mu biyar muke cusuwa a bargo ɗaya, ƙafar wannan a kan ta wancan, fitilar ƙwai an rage mata lagwani har inuwarmu ta hau bango. Kana jin iska tana buga ƙyauren zaure, tana jan ganyen darbejiya a tsakar gida, kai kuma tafin ƙafarka ya fara ɗaukar ɗumi. Tana cewa "Ga ta nan, ga ta nanku", ƙaramin cikinmu ya riga ya yi barci. Wannan daren, daga farkonsa har ƙarshensa, shi ne "cosy". Mu muna cewa jin ɗumi, amma jin ɗumi sunan abin da muke yi ne a gaban wuta. Ita kalmar tasu tana siffanta ɗakin, da bargon, da daren, da mutanen ciki, da abin da zuciya ke ji, duk a numfashi ɗaya. Haka kuma daren damina idan ruwa ya kece a kan rufin kwano, kana kwance, ka tabbata rufin ba ya yoyo kuma an shigo da awaki.

Daga siffa kalmar ta haifi suna. A shekarun 1860, lokacin da shan shayin la'asar ya zama al'ada a gidajen Birtaniya, aka fara kiran wata 'yar hula mai kauri da ake ɗinkawa ko saƙawa a kifa wa butar shayi "tea cosy". Aikinta ta tsare zafin shayin yayin da ake hira. Duk matar da ta taɓa naɗe kwanon tuwon maigida da tsohon zane don kada ya huce kafin ya dawo daga masallaci ta san dabarar, tun kafin zuwan kula da fulas. Batun harafi kuwa bai da zurfi. Birtaniya da ƙasashen da suka bi tsarin rubutunta, har da Najeriya da Gana, suna sa "s", Amurka tana sa "z". Abin lura kawai shi ne Burns da kansa da "z" ya rubuta.

Yanzu ga inda kalmar ta juya fuska, kuma nan ne na fi so mai karatu ya tsaya, domin nan ne mai sauraron labaran duniya zai fi haɗuwa da ita. A ranar 20 ga Afrilu, 2010, dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya yi bindiga a mashigin tekun Meziko. Ma'aikata 11 suka rasu, ɗanyen mai ya yi kwana 87 yana kwarara cikin teku. A watan Mayu shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama, ya fito ya ce an yi shekara goma ko fiye ana "cozy relationship" tsakanin kamfanonin mai da hukumar gwamnatin tarayya da ke ba su izinin haƙa. Ba a jima ba aka rushe hukumar aka raba aikinta gida uku. Shekara biyu bayan haka, a Birtaniya, bayan badaƙalar satar sauraron wayoyin mutane da ta sa aka rufe jaridar News of the World a watan Yulin 2011, firaminista David Cameron ya amsa a gaban majalisa cewa 'yan siyasa na kowane ɓangare sun yi yawan "cosying up" ga Rupert Murdoch, mai jaridar. Wato sun yi ta matsawa jikinsa suna neman shiga.

Ta yaya kalmar bargo da garwashi ta zama kalmar zargi? Ba ta canza ba ko kaɗan, wurin tsayuwar mai magana ne ya canza. Ɗakin yana nan yadda yake, ƙarami, a rufe, na ciki sun saba da juna, ba mai takura wa wani. Bambancin shi ne mai maganar yanzu yana waje, iska tana dukansa, yana hango haske ta ƙarƙashin ƙofa. Mai sa ido da wanda ake sa wa ido bai kamata su shiga bargo ɗaya ba. Idan suka shiga, ɗumin da suke ji wani ne ke biyan kuɗinsa: masuncin da mai ya kashe masa kifi, ko iyalin da aka saci sirrin wayarsu.

A nan mai fassara yake zamewa. Da yawa za su ce "kyakkyawar alaƙa", su mayar da suka yabo. Wasu kuma za su zarce su ce "haɗin baki" ko "kashe-mu-raba", su ɗora wa mai magana tuhumar da bai yi ba. Ƙarfin kalmar a bakin ɗan siyasa ko ɗan jarida shi ne ba ta ce an karɓi cin hanci ba, ba ta ce an karya doka ba. Abin da ta ce shi ne sabo ya yi yawa har kunya ta shiga tsakani: ana cin abinci tare, ana zuwa bikin juna, wanda ya bar aikin gwamnati yau gobe sai ka gan shi a kamfanin da yake bincika jiya. Idon da ya ci, in ji masu magana, shi ke jin kunya. Ni a ganina "sabon da ya wuce kima" ko "ɗasawar da ta yi yawa" sun fi kusa, "cosy up" kuma tana tsakanin fadanci da cusa kai. Kuma ina ganin wannan fuskar ta kalmar ta fi ɗayar amfani a gare mu, domin ɓarnar da sabo ke yi a ofis ba ta barin rasit, kuma abin da ba shi da suna yana da wuyar yaƙa.

Kasuwa ma ta gano kalmar. Dillalan gidaje a Landan idan suka rubuta "cosy" a tallar ɗaki, masu neman haya sun san ana nufin ɗakin ƙarami ne ƙwarai. A duniyar littattafai akwai wani reshe na labaran binciken kisan kai da ake kira "cosy mystery". Yadda yake shi ne a yi kisa a ɗan ƙauye inda kowa ya san kowa, ba a nuna jini, mai gano mai laifin kuma ba ɗan sanda ba ne, galibi wata dattijuwa ce mai lura da halin mutane. Misalin da kowa ke bayarwa shi ne Miss Marple ta marubuciya Agatha Christie, tsohuwa mai saƙa da ke zaune a ƙauyen St Mary Mead, wadda littafinta na farko ya fito a 1930. Da farko abin zai ba mutum mamaki, a haɗa kisa da kwanciyar hankali. Amma tsarin ɗaya ne da na ɓeran Burns. Kisan shi ne iskar waje, mai karatu yana jin kaɗawarta daga cikin bargonsa, da tabbacin cewa kafin shafin ƙarshe za a kama mai laifi, ƙauye ya koma yadda yake. A 1973 marubuci Brian Aldiss ya ƙirƙiri laƙabin "cosy catastrophe" don sukar irin labaran da duniya ke rushewa a cikinsu amma jarumin yana cin karensa babu babbaka a garin da mutane suka ƙare. Shi da gori ya faɗa, kuma gorin ya dogara ne da wancan ɗaci da ke cikin kalmar.

A shekarun nan abin ya ƙara bunƙasa. A 2016 kalmar mutanen Denmak, "hygge", mai ma'ana kusa da "cosy", ta mamaye shagunan littattafai da na kayan ɗaki a Birtaniya har ta shiga jerin kalmomin shekara na ƙamusun Oxford, a shekarar da Birtaniya ta yi ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai. A watan Maris na 2020, daidai lokacin da kullen korona ya rufe duniya, wasan kwamfuta na Animal Crossing: New Horizons ya fito, wasan da babu harbi babu gudu, sai kamun kifi da dasa furanni da ziyartar maƙwabta, aka saye shi miliyoyi, aka kuma riƙa kiran irinsa "cozy games". Ban ɗauki wannan a matsayin katari ba. Duk lokacin da waje ya yi tsanani, kasuwar kalmar sai ta buɗe.

Maƙwabtan Ingilishi kowa da irin tasa, kuma ba su zama ɗaya ba. "Gezellig" ta mutanen Holan ta fito ne daga kalmar abokin zama, don haka ta fi karkata ga taro da hira. "Gemütlich" ta Jamusawa tushenta zuciya ne da halin rai. "Cosy" kuwa mutum ɗaya tilo zai iya samunta, shi da littafinsa da kofin shayinsa. Wannan ma wani bambanci ne da mu, domin ɗumin da na sani a ɗakin kakata rabinsa na garwashi ne, rabinsa na jikin 'yan'uwa.

Ina ƙaunar kalmar, kuma ba na ganin laifin mai neman abin da take nufi. Mutumin da ya wuni yana fama ya cancanci kusurwar da zai lafe. Abin da ba na so shi ne a manta cewa ba kowa ke da ƙofar rufewa ba. A hunturun 2022, da kuɗin gas da lantarki suka yi tashin gwauron zabi a Birtaniya, ɗakunan karatu da majami'u da masallatai sun buɗe wuraren da mutane za su zo su zauna kawai don su ji ɗumi, saboda ba za su iya kunna na'urar ɗumama gidajensu ba. Wannan ya faru a ƙasar da ta ba duniya kalmar. Mu ma a daren da muke cikin bargon kakata, akwai yaran da ke kwance a zauren unguwa sun kewaye wutar kara, kuma da asuba muryarsu muke fara ji a ƙofar gida. Kakata ce ke tashi ta ɗumama sauran tuwon jiya ta miƙa musu. Burns ma bai tsaya a kan ɗumin sheƙar ba, tambayar da ta dame shi ita ce ina ɓeran zai kwana a Disamba.

To idan aka matsa mini na kawo kalmar Hausa guda ɗaya, ba cikin siffofi zan nema ba. Zan je wajen 'yan kalmomin nan namu da ke zana abu da sautinsu, in ɗauko "luf". Ya yi luf cikin bargo. Kyanwa ta yi luf a gefen murhu. Kwanakin baya da sassafe, a tashar mota, hazo ya sauko kowa ya rufe kunne da rawani ko mayafi, na ga wata mata tana soya ƙosai da jariri a bayanta. Ta goya shi da zane biyu, ta ja na saman har ya rufe masa kai, ba ka ganin komai sai tafin ƙafa ɗaya cikin safa. Masu lodi suna ta ihu, iska tana watsa hayaƙin murhun ko'ina, shi kuwa ya manna kunci a gadon bayan uwarsa, ya yi luf.